Ƙoda Ɗaya Domin Auta

Ranar da likita ta ce ƙodojin Auta sun gaza, yayarsa ba ta yi kuka ba. Gyara zama ta yi, kujerar asibitin ta yi ƙara yadda kujeru suka saba yi in ta hau su, sannan ta tambaya ko gaskiya ne mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya. Likita ta ce gaskiya ne. Ta ce to ai magana ta ƙare, tana da biyu, a cire ɗaya a ba shi, yau ɗin nan in da hali, don gobe tana da aiki.

A masaƙar da take aiki ba mai kiranta da sunan yanka. Mai Ludayi ake ce mata, saboda ita ce shugabar ɗakin girkin da ke ciyar da ma'aikata, kuma tun wasu daga cikinsu ba su fara gemu ba take tsaye a kan tukwanen nan. Mace ce mai jiki, ba irin jikin da ake sakayawa a ce mutum ya ɗan murmure ba. In za ta shiga ƙofar ɗakin girki sai ta ɗan karkace. Wannan bai taɓa damunta ba. A ganinta mai girkin da ta bushe abin zargi ce, kuma takan faɗi hakan a gaban abokiyar aikinta, wata doguwar mata da ake kira Tsinke, wadda suka tsufa tare a cikin tururi guda suna faɗa suna shiryawa.

Auta kuwa ita ta raine shi. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, ita tana budurwa, ta goya shi har bayanta ya saba. Aurenta bai yi ƙarko ba, Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka duk son da ke cikinta a kansa ya sauka, kuma yawancinsa a faranti ya zo masa. Yanzu magidanci ne mai gyaran wutar lantarki, da 'ya'ya mata biyu 'yan firamare, uwarsu ta rasu wajen haihuwar ƙaramar. Ban da wannan yaya tasa ba shi da kowa, su ma yaran haka.

An ɗebi jininta an gwada, ya dace da nasa. Ta yi hamdala har da ɗaga hannu sama. Amma likitar, wata mace mai sanyin murya da ba ta iya gaggawa ba, ta sa ta hau sikeli, ta auna jininta, ta daɗe tana kallon abin da ta gani. Ta yi mata bayani dalla-dalla cewa da wannan ƙiba ba wanda zai kwantar da ita ya yanka, hatsarin ya yi yawa, ga jininta ya ɗan hau. Sai ta rage nauyi sosai, ta nuna mata inda ake so allurar sikelin ta tsaya, sannan a sake duk gwaje-gwajen daga farko. A rage mai, a rage sukari da gishiri, a ƙara ganye, a yi tafiyar ƙasa kullum. Kafin nan Auta zai ci gaba da zuwa wankin ƙoda.

Mai Ludayi ta dubi inda allurar take, ta dubi inda ake so ta koma. Tazarar ta kai nauyin yaro mai wayo. Ta tambaya ko Auta zai iya jira.

"Zai iya jira, Mama," in ji likita, "amma ba har abada ba."

Da wannan maganar ta koma gida, kuma da irin zuciyarta ta kama abin, zuciyar da ba ta san tsaka-tsaki ba. Likita ta ce a rage, ita sai ta yanke. Ta daina karin kumallo, ta daina abincin dare, ta kwashe sukari da man da ke ɗakinta ta kai wa maƙwabciya. Motar ma'aikata da ke ɗaukarta a bakin titi ta ce kada ta ƙara tsaya mata. Da safe sai ta ɗaura takalmin roba ta kama hanya, ta wuce layin masu walda, ta wuce gidan mai, ta hau gadar da ke kan titin jirgin ƙasa. A kan gadar nan ta san Allah ɗaya ne. Rana ta farko sai da ta zauna a kan matakala tana haki, gwiwoyinta na zafi, gumi na shiga mata ido, masu wucewa na yi mata sannu. Wani mai babur ya tsaya ya ce zai kai ta kyauta, ta kore shi kamar shi ya yi mata laifi.

Haka ta yi ta yi, makonni suka shuɗe. Yunwa takan tashe ta da asuba, kanta na sarawa, ta zama mai saurin fushi har masu wanke-wanke suka koyi bin bango in tana kusa. Ranar komawa asibiti ta cire takalmi, ta cire mayafi, da ana cire fata da ta cire, ta hau sikeli. Allurar ta motsa, amma irin motsin da sai ka ƙura ido za ka gani.

Ta ce sikelin ya lalace. Aka kai ta wani ɗaki ta hau wani, shi ma ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Likita ta tambaye ta me take ci. Ta rantse da Allah cewa rabonta da ta zauna gaban faranti ta ci ta ƙoshi har ta manta, shayi ba sukari da ɗan ganye, shi ke nan. Likita ba ta ƙaryata ta ba, amma ta yi shiru irin na wanda ya saba jin wannan rantsuwa. Shirun ya fi zagi yi wa Mai Ludayi ciwo, domin gaskiya ta faɗa, kuma a rayuwarta ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Daga nan ta wuce ɗakin wankin ƙoda. Auta na kishingiɗe a doguwar kujera, an soka masa allurai biyu a hannu, jininsa na bin siraran robobi yana shiga inji yana dawowa. Fuskarsa ta yi duhu, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Da ya ga fuskarta ya gane, sai ya ɗauko zolaya, ya ce ai dama ya san teɓar nan ta fi ƙarfin asibiti, shekara da shekaru ana gina ta, ba za ta rushe don wani mai gyaran wuta ba. Ta ce ya rufe mata baki. Ya ce ta daina wahalar da kanta, shi yana nan lafiya. Duk lokacin da aka ɗauko maganar dashen ƙodar nan haka yake yi, ya kauce, ya koma zancen makarantar yara. Ita a lokacin ta ɗauka kunya ce kawai.

Tsinke ce ta gano bakin zaren, kuma ba don ta fi kowa ilimi ba, sai don ta yi shekaru tana kallon bayan Mai Ludayi. Wata safiya, ana ɗora tukwane, ta ɗauko wata babbar roba ta ajiye a kan tebur. Mai Ludayi ta tsoma ludayi a miya ta kurɓa don ta ji gishiri, Tsinke ta ɗebi daidai wannan ta zuba a roba. Mai Ludayi ta ɗauki tsokar nama ta tauna don ta ji ko ya yi laushi, Tsinke ta jefa tsoka a roba. Aka zo kan shinkafa, aka zo kan wake, aka zo kan taliya, kowace tukunya sai an ɗanɗana ta tana ɗanya, a ɗanɗana ta tana tsaka da dahuwa, a ɗanɗana ta kafin a sauke. Ga ƙanzon gindin tukunya mai maiƙo, wanda Mai Ludayi ba ta iya gani a zubar. Ga kifin da ya farfashe a kasko, wanda ba a kai wa ma'aikata. Duk abin da ya shiga bakinta a tsaye, ɗan'uwansa ya shiga roba.

Kafin jiniyar cin abinci ta yi kuka, robar ta cika ta yi tozo. Tsinke ta turo ta gabanta.

"Ga azumin naki," ta ce.

Mai Ludayi ta dubi robar. Abincin da ke ciki zai ƙosar da ƙarti biyu masu dakon auduga. Ta buɗe baki ta ce ai wannan ba ci ba ne, aiki ne. Kuma har cikin ranta haka ta yarda. A wajenta ci shi ne ka wanke hannu, ka zauna, ka yi bisimilla. Abin da ka kurɓa a tsaye da ludayi a hannu, kana yi wa wani tsawa ya rage wuta, wannan ba ya cikin lissafi. Uwar ɗakinta da ta koya mata girki haka take yi, duk masu girkin da ta sani haka suke yi. Tsinke ta ce ciki dai bai san tsayuwa da zama ba.

Mai Ludayi ta zauna a kan buhun shinkafa, abin da take hana kowa yi. Kunya ta kama ta, sannan baƙin ciki ya biyo baya, domin ta tuna makonnin da ta ɓatar, makonnin da ba nata ba ne, na Auta ne.

Barin abinci bai yi mata wuya kamar barin ɗanɗano ba. Harshenta shi ne sarautarta a wannan ɗaki. Da shi ta fi kowa, da shi manajoji suka zo suka tafi ba wanda ya taɓa kujerarta. Yanzu ta miƙa wa Tsinke ludayin, Tsinken da ta sha yi wa gori cewa bakinta bai san bambancin gishiri da yashi ba. Makon farko miya ta yi salam, na biyu ta yi gishiri har ma'aikata na neman ruwa. Wani dattijo mai gyaran injin saƙa ya leƙo ta taga ya tambaya ko Mai Ludayi ta yi tafiya ne. Tana tsaye a gabansa ya yi tambayar. Ta ce masa gobe za a gyara.

Hannunta kuwa bai daina zuwa ba. Sau da yawa sai ta farga ludayi ya kusa leɓenta, ta tsaya da shi a iska, ta mayar. Ta koyi jin miya da hanci, ta koyi gane nama da yatsa, in ya zama dole ta ɗiga a tafin hannu ta taɓa da harshe ta kuskure baki. Ta koma cin abinci irin na mutane, a zaune, a ƙaramin faranti: ganye da yawa, ɗan wake, kifi gasasshe, shinkafa cikin tafin hannu. Ta sha mamaki da ta ga yunwar ma ta ragu. Tsinke ce ta fara kumatu, har ta ce in aka ci gaba a haka sai an sake mata suna, kuma Mai Ludayi ce za ta biya kuɗin ɗinkin sababbin kaya.

Sai allurar ta fara sauka. Ba ta yi gudu ba, wani makon ma sai ta tsaya cik kamar tana jin haushi, amma tana sauka. Gadar da ta zaunar da ita ta zama wurin da take wuce 'yan mata. Ta ƙara da zagaya filin ƙwallon da ke bayan masaƙa bayan an tashi aiki. Zobenta ya fara juyawa a yatsa, rigunanta suka koma kamar na aro, ta kai wa tela ya rage, ta sake kai masa. Fatar damtsenta ta saki, wuyanta ya fito, ta ga fuskar mahaifiyarsu a madubi ta tsorata.

Mutane kuwa ba su bar ta ba. A unguwa aka fara yi mata kallon tausayi, wata ta ja ta gefe ta ce in wani ciwo ne ta faɗa a nemi magani tun da wuri, wata ta aiko mata da kwanon abinci mai mai a rufe. Ba ta yi wa kowa bayani ba. Abin da ke gabanta ya fi bakin mutane. Domin a watannin nan da take raguwa, Auta ma raguwa yake yi, sai dai nasa ba na so ba ne. Ya ajiye aiki. An kwantar da shi sau biyu ruwa ya taru masa a ƙirji. Yaran suka dawo ɗakinta da kwana, babbar ta daina tambayar yaushe Baba zai warke, wannan kuma ya fi tambayar ciwo.

Ranar da allurar ta tsaya a inda likita ta nuna, nas ɗin da ke aunawa ta tafa mata. Mai Ludayi ta sauko daga sikeli, ta ce a kira likita a sa rana. Aka ce sai an sake gwaje-gwaje, kamar yadda aka faɗa tun farko. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka yi hoto, aka ce ta dawo.

Ta dawo da shirinta, har ta gaya wa Tsinke yadda za a raba aiki in tana kwance. Likita ta tashi da kanta ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ita maimakon ta zauna a bayan tebur. Tun daga nan Mai Ludayi ta san ba lafiya ba.

Likita ta ce ta yi abin da mutane ƙalilan ke iya yi. Amma gwajin ya nuna nata ƙodojin ma sun fara gajiya, irin ciwon Auta ne, yana bin jini, nata dai yana tafiya a hankali. In aka cire ɗaya, ɗayar ba za ta riƙe ta ba, za a wayi gari da marasa lafiya biyu a maimakon ɗaya. Mai Ludayi ta ce ta yarda, ta ji ta gani, a kawo takarda ta sa hannu. Likita ta ce ko ta sa hannu ba likitan da zai yi. Ta ƙara da cewa nauyin da ta sauke shi ne babban gatan da ta yi wa ƙodojin nan, in ta ɗore a haka za su iya kai ta tsufa, Auta kuma za a ci gaba da nema masa wani. Wannan ɓangaren Mai Ludayi ba ta ji shi ba, bakin likita kawai take gani yana motsi.

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofar asibiti. Akwai wata rumfa a wajen da ake soya kaza da dankali, wadda ta saba kawar da kai in za ta wuce. Yau ta tsaya. Ta ce a zuba mata kaza, a zuba dankali, a ƙara, a haɗa da burodi da lemon kwalba mai sanyi. To don wa za ta ci gaba da wahala? Ta karɓi ledar, mai na naso ta jikin takarda, ta ce bari ta fara gaya wa Auta sannan ta nemi inuwa ta zauna ta ci har sai ta kasa tashi.

Ta same shi a kan inji, idonsa a lumshe. Ta zauna a gefensa ta tura ledar ƙarƙashin kujera. Ta shirya maganar tun daga matakala, amma da ta buɗe baki sai kukan da ta riƙe tun ranar farko ya ƙwace mata. Ta gaya masa a gutsure, tana ba shi haƙuri, tana cewa ta makara, da ta gane da wuri, da ba ta gina wannan jiki ba tun farko.

Auta ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ce ba makara ba ce, ai ta ji abin da likita ta faɗa, a jini yake. Ya tattara numfashi, don yanzu magana ma aiki ce a wajensa.

"Yaya, in gaya miki gaskiya? Tun ranar da kika ce za ki ba ni, ban yi barci mai daɗi ba. Kullum ina tunanin a kwantar da mu mu biyu, a ce ba wanda ya tashi. Yaran nan su koma hannun wa?"

Ta ce ya daina irin wannan magana, za a samu wani, Allah na nan.

"Allah na nan, kuma ina jira, ban fid da rai ba. Amma na bar ki kina tafiyar nan ne don na ga tana ƙara miki kwana." Ya juyo da kansa ya dube ta sosai. "Ni ba ƙodarki nake so ba, Yaya. Shekarunki nake so. Ki ga ƙaramar nan ta girma. Wannan ne abin da za ki ba ni."

Ta kama hannunsa wanda ba allura, ta ji yadda ya zama ƙashi, hannun da ta wanke yana jariri. Son sa da tsoron rasa shi suka cika mata zuciya. Injin ya ci gaba da juyawa a gefensu.

Can ya shaƙi iska, ya tambaya ƙamshin me yake ji a ƙarƙashin kujera. Ta sunkuyar da kai. Bai yi mata faɗa ba, bai yi zolaya ba, kallonta kawai ya yi yana jira. Ta sunkuya ta jawo ledar, har yanzu da ɗuminta, ta riƙe ta a cinya na ɗan lokaci. Sannan ta tashi ta kai wa masu gadi a bakin ƙofa, ta dawo tana goge maiƙon hannunta da gefen mayafi.

Auta ya ce an kusa tashin yara daga makaranta, kuma shi sai yamma za a cire shi daga inji. Ta gyara masa bargo a ƙafa, ta share fuskarta don kada yaran su gani, ta ɗaure igiyar takalminta. Makarantar na da nisa daga asibitin, ga rana ta take. Ta wuce masu babur da ke kiranta a bakin titi, ta kama hanya a ƙasa.